Sunan da Nake Rubuta wa Albarka

Ina durƙushe a fadamar Gwandu, hannuwana duk baƙin mai, ina fama da injin ban-ruwan wani mai gonar rake, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Ranar Laraba ce da hantsi. Na ƙyale ta har ta katse, aka sake kira. Na goge hannu a wando na ɗauka. Maryam ce, matar da ke tuyar masa a gefen shagon abokina Albarka a Kalgo. Ba ta taɓa kirana ba, ban ma san tana da lambata ba.

Ta ce, "Malam Isa, kana tsaye ko kana zaune?"

Na ce, "Aiki nake. Mi ya faru?"

Ta ce, "Sai dai haƙuri. Abokinka ne. Mun ga bai buɗe shago ba, aka je ɗakinsa, aka tarar da shi jingine da bango kan tabarmar salla. Rai ya yi halinsa."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, na sake faɗa, amma hannuna bai saki sifanar da nake aiki da ita ba. Mai gonar ne ya zare ta daga hannuna, ya ce in tafi, raken ba ya mutuwa yau. Na hau babur ban ko wanke hannu ba. Ban iya tuna yadda na ratsa Birnin Kebbi ba.

An jira ni har bayan azahar. Masu shagunan layinsa sun zo, da ɗalibai kaɗan daga jami'a, da wasu manoma daga Dangoma waɗanda labari ya riska a tasha. Da liman ya tambaya ko akwai wani nasa a wurin, sai kowa ya waiwayo ya dube ni, ni da ba mu haɗa ko kaka ba. 'Yan'uwansa na Masama sai washegari suka iso. A hanyar maƙabarta na ji wani a bayana yana cewa, "Allah sarki, ashe bawan Allan nan ko ɗa bai bari ba."

Ya bar ɗa. Saboda wannan maganar nake wannan rubutu, ko da yake ni ba gwanin alƙalami ba ne.

Mun haɗu da Albarka a sakandare a Gwandu. Shi daga Masama yake zuwa, gidan Fulanin da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noman gero suna kiwo. Ni kuwa jikan masunta ne, kakana daga bakin gulbi ya taso. Tun ranar farko ya sa mini Kaɗo, ni kuma na sa masa Jauro, wato mai gari, ko da yake ko akuya bai taɓa mulka ba. Haka muke kiran juna har furfura ta fito mana. Ni a aji uku na tsaya, na bi kawuna koyon gyaran inji. Shi ya ci gaba, ya koyi aikin kwamfuta a Birnin Kebbi, ya yi wa wani ofis gyara na wasu shekaru. Da jami'a ta zo Kalgo sai ya kama shago a bakin hanya, yana buga wa ɗalibai takardu, yana gyara musu kwamfuta.

Siriri ne, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Ba ya cin abinci a gaban mutane. In Maryam ta aiko masa da masa, sai ya rufe ta da takarda har shagon ya watse.

A cikin kwamfutocin shagon akwai wata tsohuwa da ba ya bari kowa ya taɓa. In ya kunna ta ba hoto, ba launi, baƙin allo ne kawai da farin rubutu, da wani ɗan layi yana ƙyafta ido yana jiran a ba shi umarni. Sabis a wajen nan ba shi da tabbas, shafin intanet mai hotuna sai ya shafe lokaci yana juyi bai buɗe ba. Saboda haka Albarka ya zauna ya rubuta wani ɗan umarni nasa na kansa, ya sa masa suna nemo. Ka rubuta nemo, ka bar tazara, ka rubuta abin da kake nema, ka danna babban maɓalli, sai ya je intanet ya ɗebo maka amsoshin bincike, rubutu zalla, a jere.

Ya taɓa buɗe mini cikinsa na gani. Layuka kaɗan ne. Ya ɗora yatsa a kan wani wuri mai alamar dala da lamba ɗaya a gefenta.

Ya ce, "Ka ga nan, Kaɗo? Gurbi ne. Ni ban san abin da mutum zai zo nema ba, shi ya sa na bar wurin fanko. Duk abin da ka rubuta a bayan nemo, shi ke zuwa ya zauna nan."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Kamar injinka ne. Ruwa a cikinsa yake? Duk rijiyar da ka jefa masa tiyo, ruwanta zai jawo."

Nan na gane. Na ce ya matsa in gwada. Da yatsa ɗaya na rubuta nemo ciwon shinkafa. Sai ga amsoshi sun zubo: ciwon kai, ciwon ciki, ciwon haƙori, ba ko shinkafa ɗaya. Albarka ya yi dariya har da riƙe ciki, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce tazarar da na bari ce ta raba kalmomin. Ta farko ta shiga gurbi na ɗaya, ta biyu ta tafi neman gurbi na biyu, shi kuwa bai yi mata wuri ba, sai ta faɗi a hanya. In ana so su tafi tare, sai an ɗaure su da alamomin nan na zance, biyu a gaba biyu a baya. Shi ƙahoni yake ce musu. Na ce ai dama Bafillace ko sama ya duba saniya zai gani.

Sannu a hankali mutane suka san da baƙin allon. Manomi zai zo daga Dangoma da ganyen shinkafa a leda, ya yi ja-ja, Albarka ya juya ganyen, ya rubuta, ya karanta, ya fassara masa, sannan ya ce ya je ya nuna wa malamin gona kafin ya sayi magani. Makiyayi zai tsaya a bakin ƙofa da sandarsa su yi ta Fillanci. Abdulbaƙi mai faci, maƙwabcinsa na dama, boka yake ce masa.

"Boka, tambayi allonka yaushe uwargida za ta huce."

Albarka ya ce, "Sabis bai kai can ba."

Matarsa Hafsat 'yar Masama ce, 'yar'uwarsa ce ma ta wajen uwa. Ɗansu na fari Muzzammil. Bayan shi ba su sake samun wanda ya zauna ba. Hafsat ta rasu yaron yana shirin shiga sakandare, Albarka kuma bai sake aure ba. Aka bar su su biyu a ɗaki ɗaya a bayan shago.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Mu ma muna yin ta, amma ta su Albarka ta fi tamu nauyi. Bai taɓa ɗaukar yaron a gaban mutane ba, bai taɓa yi masa wasa ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba. In zai kira shi sai ya ce, "Kai." In zai yi mini maganarsa sai ya ce, "Wancan." Haka ubansa ya yi wa yayansa, haka kakansa ya yi, kuma a wurinsa wannan ba ƙiyayya ba ce, ita ce ma alamar abin ya yi masa girma a zuci.

Na tuna wata rana yaron ya haɗa fitila da mataccen batirin kwamfuta da wasu wayoyi da ya tsinta a kwandon shara. Ya kawo shago yana murna, akwai mutane, ya kunna ta a gaban ubansa. Albarka ya kau da kai wajen bango ya ce, "A ajiye can." Yaron ya ajiye ya fita. Da shagon ya watse, sai ga Albarka ya ɗauko fitilar, yana kunnawa yana kashewa, yana kunnawa yana kashewa.

Ya ce, "Kaɗo, ka ga aikin wancan? Ba wanda ya koya masa."

Na ce, "To ka gaya masa mana."

Ya ce, "Da wane baki?"

Da Muzzammil ya gama sakandare ya ce zai tafi kudu neman sana'a. Albarka yana tsaye a kan injin hoton takardu, bai ɗago ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Yaron ya biyo ta Gwandu ya yi mini sallama. Baffa yake ce mini. Muna zaune a garejina ya ce, "Baffa, tsakaninka da Allah, ka taɓa jin ya kira sunana?"

Na ce, "Al'ada ce, ɗana. Ubanka yana sonka fiye da ransa."

Ya ce, "Na san al'ada ce. Amma a Masama in uba ya kau da kai, akwai kaka, akwai goggo, akwai mai ɗaukar ka. Ni tun da Inna ta rasu wa gare ni? Daga ni sai bango."

Ya bi wata motar albasa ya tafi.

Da farko yakan kira. Ina wurin wata rana ya kira, na ji duk abin da Albarka ya faɗa: "Lafiya? To madalla. A riƙe salla." Ya kashe, sannan ya zauna yana kallon wayar har aka kira la'asar. Kiran ya yi ta raguwa. Wata rana muka nemi lambar aka ce ba ta aiki, kuma ba ta sake aiki ba. Ba mu san ko wane gari yake ba. Muka tambayi direbobi, muka tambayi 'yan albasa, ba wanda ya ba mu abin kamawa. Shekaru suka yi ta wucewa.

Ni dama duk Lahadi nakan je Kalgo, don ranar ɗalibai ba su cika zuwa ba, nakan kai masa mazarƙwaila mu sha shayi. Wata Lahadi bayan azahar sai ya jawo kujera gaban baƙin allon ya ce, "Kaɗo, zauna ka rubuta mini wani abu."

Na ce, "Mi zan rubuta?"

Ya juya yana kallon ƙofa. Ya ce, "Ka san shi."

Sai a lokacin na gane. Mutumin da ya rubuta nemo da hannunsa, wanda ya nemo wa rabin Kalgo abin da suke nema, bai taɓa neman ɗansa da shi ba, don sai ya rubuta sunan, kuma a wurinsa hannu da baki duk ɗaya ne. Na rubuta nemo, na rubuta Muzzammil Albarka. Zan danna sai ya riƙe mini hannu. Ashe ta gefen ido yake kallo.

Ya ce, "Ƙahonin. In ba ka sa ba, raba shi zai yi da ni."

Na sa ƙahonin, biyu a gaba biyu a baya, na danna. Amsoshi suka zubo. Ya matso ya karanta su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, leɓensa na motsi ba sauti. Akwai wani ɗan ƙwallo, akwai wani malami a wata ƙasa, akwai shagon magani mai suna Albarka. Babu namu. Ya ce, "To. Allah ya kai mu wata Lahadin."

Haka muka koma yi. In zo, in ajiye babur, mu gaisa da Maryam, Abdulbaƙi ya ce ga almajirin boka ya iso, in zauna in rubuta, shi ya karanta, sannan a dafa shayi. Wani lokacin sabis ya ƙi, mu zauna muna kallon ɗan layin nan yana ƙyafta ido har mu haƙura. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ranar da aiki ya riƙe ni ban je ba, ba ya kira ya yi ƙorafi. Maryam ce take gaya mini daga baya cewa ya wuni yana leƙen hanya.

Wata rana hannuna ya kuskure ya taɓa maɓallin kibiya mai kallon sama, sai ga abin da na rubuta makon jiya ya dawo kan allo da kansa, da sunan da ƙahonin duka. Na sake dannawa, na makon da ya gabace shi ya fito. Ashe allon yana riƙe da duk umarnin da aka ba shi.

Na ce, "Jauro! Ashe kibiya ɗaya za ka danna, ba sai ka rubuta komai ba. Ka sa ina ƙona mai tun daga Gwandu?"

Bai ko ji kunya ba. Ya ci gaba da firfita gawayi ya ce, "Kibiya tana shan shayi?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Abin da ya kawo mana saɓani shi ne ranar da na ce mu cire sunansa. Na daɗe ina tunanin abin a hanya. Yaron da ya tafi da irin wannan zuciya, wa ya ce yana amsa sunan uban har yanzu? Ƙahonin nan da muke sawa suna cewa a nemo mana sunayen biyu a manne, in kuwa ba a manne suke ba, ko shekara nawa za mu yi ba za mu same shi ba. Na faɗa masa haka.

Ya ajiye kofin shayi. Ya ce, "Wancan bai yar da sunana ba."

Na ce, "In ya yar fa?"

"Bai yar ba."

Na ce, "Jauro, sunanka kake nema ko ɗanka?"

Ya tashi ya shiga goge injin da ba ƙura a kansa. Na zauna na zauna, na ga ba zai juyo ba, na yi sallama na tafi. Ranar ko rakiya bai yi mini ba.

Da na dawo Lahadin gaba, na tarar ya riga ya jawo kujerar. Idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Na buɗe gurbi na biyu. Na farko sunansa shi kaɗai. Na biyu duk abin da ka ga dama, gari ko sana'a." Sannan ya ce, "Cire nawa."

Na rubuta sunan, na bar tazara, na rubuta Kalgo. Ba komai. Na gwada Kebbi, aka kawo mana mutane barkatai. Na gwada Gwandu. Har na fara miƙewa sai na tuna abin da yaron ya faɗa mini a gareji, na koma na rubuta Masama. A cikin amsoshin farko sai ga wani shagon haɗa wutar sola a Ilorin, da sunayen masu shi, ɗaya a cikinsu Muzzammil Masama, ga lambar waya a ƙasa.

Albarka ya karanta layin. Ya sake karantawa. Ya tashi ya ɗauki buta ya fita, alhali lokacin salla bai yi ba. Ya daɗe a waje. Da ya dawo gemunsa na ɗigar ruwa, ya zauna ya ce, "Masama ai garina ne. Bai yi nisa ba."

Baƙin allo ba ya kawo hoto, sai na ce bari in buɗe shafin a wayata mu ga ko shi ne. Ya ce a'a. Can kuma ya ce, "To ka duba kai kaɗai, ka gaya mini." Ya juya mini baya. Shafin ya yi ta juyi kafin ya buɗe. Ga shi nan a kan rufin wani gida, da hular kwano, yana dariya.

Na ce, "Shi ne. Ya yi gemu. Goshin naka ne, hancin na Hafsat."

Ya ce, "Ya rame?"

Na ce, "Ya fi ka ƙiba sau biyu."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," kafaɗunsa suna rawa. Na fita na tsaya wurin Maryam don in ba shi wuri.

Na ce bari in kira masa lambar a take. Ya hana. Ya ce in ni na kira, yaron zai ce har yau aike ake yi masa, wannan kiran nasa ne shi kaɗai. Ya shigar da lambar a wayarsa, a wurin suna ya sa ɗigo ɗaya. Sai kuma ya kasa. Wannan makon ya ce bari a gama jarrabawar ɗalibai. Wani makon ya ce mura yake yi, muryarsa ba daɗi. Muka daina kunna baƙin allon ranar Lahadi, tunda an sami abin da ake nema, muka koma shan shayi da wayar a tsakaninmu a kan benci.

A Lahadinmu ta ƙarshe ne ya gaya mini ya kira tun ranar Alhamis. Wata mace ce ta ɗauka, mai tsaron shagon, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta ce wa yake nema. Ya ce mai shagon. Ta ce wanne, ai su biyu ne. Ya ce ya buɗe baki, ya ji harshensa ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ta sake cewa wanne. Sai ya ce, "Ki ce an kira daga Kalgo," ya kashe. Tun daga ranar yake jiran a kira shi. Ko masallaci zai je sai ya ba Abdulbaƙi wayar ya ce in ta yi ƙara ya biyo shi da ita.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na nemi lambar a wayarsa, na sami ɗigon, na kira. Matar ta ce wa nake nema. Na ce Muzzammil. Abin bai fi ƙyaftawar ido ba. Ta miƙa masa.

Ya iso ranar addu'ar uku, da matarsa Mufida da 'yarsu Jidda, wadda ta fara tafiya. Ita ce ta farinsa. Na ga yana ɗauke da ita a kafaɗa a gaban jama'a, yana kiran sunanta da ƙarfi, tsofaffin Masama suna kallon ƙasa. Da mutane suka ragu ya ce in buɗe masa shagon. Ya tsaya a tsakiya yana dube-dube. Na nuna masa kujerar, na gaya masa abin da muke yi duk Lahadi, da yadda ake sa ƙahoni, da ranar da ubansa ya ce in cire nasa. Bai taɓa kwamfutar ba. Ya zauna a kan bencin.

Ya ce, "Baffa, mai tsaron shagon ta gaya mini an kira daga Kalgo. Tun ranar na san shi ne. Na ɗauki waya na ajiye, na ɗauka na ajiye. Na ce in dai shi ne, bari ya sake kira, ya neme ni da sunana. Sau ɗaya kawai nake so." Ya rufe fuska da hularsa.

Yanzu an mayar wa mai gida shagonsa, wani mai sayar da katin waya ya shiga. Muzzammil ya tafi da tsohuwar kwamfutar Ilorin, yakan kira ni ranar Juma'a mu gaisa. Lahadi ce ban san yadda zan yi da ita ba. Wadda ta fara zagayowa na sayi mazarƙwaila, na tayar da babur, sai da na fita gari na tuna. Na tsaya a gefen hanya har rana ta karkata, sannan na juyo. Albarka mutum ne da ba ya yawan magana, amma ban san yawan shirun da yake tare mini ba sai yanzu. Allah ya jiƙanka, Jauro, ya haɗa ka da Hafsat, ya sa can ba a kunyar kowa.

Kafin Muzzammil ya tashi daga bencin nan ya tambaye ni abu ɗaya. Ya ce, "Baffa, ya faɗa kuwa? Ko a gabanka, ko sau ɗaya?"

Na so in ce masa e. Amma ba a yi wa mamaci ƙarya, ko mai daɗi ce. Na ce bai faɗa ba, sai dai zan gaya masa yadda muka rabu, shi ya auna da kansa.

A Lahadin nan ta ƙarshe, Albarka ya rako ni har bakin titi, wayar tana hannunsa. Na hau babur ban tayar ba. Ya ce, "Kaɗo, in na sake kira matar nan ta ɗauka, in ce mata wa?"

Na ce, "Ka ce mata sunan da ka yanka wa rago."

Ya yi murmushi. Ya ce, "Ran Juma'a, in an sauko."

"Mi ya hana yau?"

"Bari bakina ya saba. Ina gwadawa a ɗaki, na kai rabi."

Na ce, "To gwada a kaina. Ga ni, ni ce matar. Wa kake nema, Malam?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Abdulbaƙi yana can yana duba taya a cikin ruwa, Maryam tana kwashe kasko. Ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya buga mini kafaɗa ya ce, "Je ka, Kaɗo, rana ta yi, hanyarka da nisa."

Na ce, "Sai Lahadi, Jauro."

Ya ce, "Ka zo da wuri. Zan ba ka labari."